Bu Okhi da Kwalin Lemon da Jirgi Ya Bari a Ƙetare

Ƙarfe bakwai da rabi Bu Okhi ke sauka daga bas a ƙofar ma'aikatan filin jirgi, da gorar shayin sha'ir a hammata. Kafin ta shiga takan tsaya ta dubi bishiyoyin bakin titi. In ganyen rawa kawai yake yi, ranar lafiya ce. In iska ta kwantar da su gefe guda, ta san yau za ta sha zagi, sai ta kurɓi shayinta tun a waje, don ba za ta sake samun sukunin buɗe gorar ba.

Shekara ashirin da takwas tana wannan aiki, a wata 'yar kanta da aka maƙala a lungun ɗakin karɓar kaya, dab da ƙofar bayan gida. Kamfanin da take wa aiki ƙarami ne, ba zan ambaci sunansa ba. Jirginsa mai farfela ne, yana zuwa tsibirinmu na Jeju daga ƙetare sau uku a rana. Ranar da iska ta tashi, matuƙin jirgi yakan ƙara mai, don in sauka ta gagara ya iya juyawa. Man kuwa nauyi gare shi, kuma dole a rage nauyin a wani wuri. Ba a sauke mutane, kaya ake saukewa. Wannan babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Gara jaka ta kwana da jirgi ya faɗa teku.

Abin da ke ƙona rai shi ne shirun. Dokar kamfanin ita ce kada a gaya wa fasinja a can inda ya hau, wai zai ta da hayaniya, ya ce a fito masa da jakarsa, jirgi ya makara. Sai a bar shi ya hau da murmushi, ya sauka, ya tsaya gaban bel mai zagayo da kaya yana leƙe, mutane na ɗauka suna tafiya, har bel ya zagayo wayam, ya tsaya. A ofis suna da wata magana da suke faɗa ba kunya: a bar bel ya gaya masa.

Okhi ce ta ƙi yarda ƙarfe ya yi maganar da ya kamata mutum ya yi.

A can ƙetare akwai wani tsohon ɗan lodi mai suna Tak. Shekara goma sha tara suna magana a waya, ba su taɓa ganin juna ba. Da jirgi ya ɗaga sai ya kira ta.

"'Yar tsibiri, ɗauko alƙalami."

"Tsoho, nawa ka cinye mini yau?"

"Sha ɗaya. Kuma ba ni ba ne, iska ce."

"Iskar ce ta sa hannu ta sauke su?"

"Rubuta dai. Baki kamar almakashi, ban san yadda mijinki ya rayu ba."

"Ai bai rayu ba. Karanto."

Sai ya karanto sunayen da ke jikin kayan, ta rubuta a bayan wata takarda, ta je ta tsaya a ƙofar shigowa. Kafin kowa ya isa gaban bel ta kira shi da sunansa, ta rusuna, ta gaya masa. Daga nan ta yi masa tambayar da babu ita a fom ɗin kamfani, fom mai gurbin launin jaka da girmanta da adireshi: "Me ke ciki da ba zai iya kwana ba?"

Da wannan tambaya ta gano mai ciwon sukarin da allurarsa ke cikin jaka, ta sa direban tasi ya kai shi asibiti kafin ya kai shi masauki. Da ita ta gano wata tsohuwa da ta yi ta ihu a kan ƙaguwar da ta jiƙa wa jikanta a tulu, ashe ba ƙaguwar ke damunta ba, haƙoranta na roba ne ke gefen tulun, tana jin kunyar faɗa. Masu shara sun ga ranar da wani mai kwat ya yayyaga fom ya watsa mata a fuska. Ta durƙusa ta tsince, ta miƙo masa sabo, ta sake tambayarsa. Ba ita ta sauke jaka ko ɗaya ba a rayuwarta. Waɗanda suka sa hannu a dokar suna hawa na uku, babu wanda ya taɓa watsa musu komai.

Okhi, ke ce fuskar da aka ajiye don a tofa wa yawu. Kin sani, kuma kullum da safe sai kin goga rigarki kin zo.

Wata Litinin a ƙarshen bara, tsakiyar tsinkar lemo, bishiyoyin bakin titi suka kwanta tun da hantsi. Jirgin yamma ya bar kaya goma sha huɗu. Okhi ta tsaya a ƙofa tana kira, har ta zo kan sunan Mun Dalsu. Wani mutum ya ɗaga hannu, ɗan shekara hamsin da wani abu, cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsin walda.

"Samchun, ni ne. Lafiya?" Da jin ya kira ta yadda muke kiran manyanmu, ta san ɗan gida ne da aiki ya kai ƙetare.

"Jakarka ta zo. Kwalinka bai zo ba. An sauke shi da gangan saboda nauyi. Ina ba ka haƙuri."

"Kwalin?" Ya dube ta kamar bai ji ba. "Kun ɗauko jakar kun bar kwalin? Safa ce a jakar! Safa da reza!"

"Me ke ciki da ba zai iya kwana ba?"

Ya waiga ya dubi mutane, ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Kayan tafiyar innata ne."

Okhi ba ta nemi ƙarin bayani ba. Wace 'yar Jeju ce za ta nema? Tsohuwar, mai shekara tamanin da bakwai, ita ta ɗinka likkafaninta da hannunta shekara ashirin da shida da suka wuce, na siliki, riga da zani da safa, a cikin watan ƙari, wanda kan ƙaru a lissafin wata duk bayan 'yan shekaru, kamar yadda ake yi. Duk shekara sai ta fito da shi ya sha iska. Da Dalsu ya ɗauke ta ta koma wajensa, a kan cinyarta ta riƙe shi har suka ƙetare. Makon da ya wuce ta matsa sai ta zo ganin tsinkar lemo a gonar babbar 'yarta Gija. Ya ce ta tafi da shi, ta ce mako ɗaya ne, ba gudu zai yi ba. Da safiyar Litinin ɗin nan aka same ta zaune a rumfar tantance lemo, da lemo ɗaya a hannu, ta cika. Mai duba rana ya riga ya tsayar da sa'a: za a shirya ta a rufe akwatin gawa ƙarfe ɗaya na ranar Talata, a binne ta Laraba kusa da mijinta a gefen gona.

"Me ya sa ba ka shiga da shi a hannu ba?"

"Sun ce ya yi wa jirgin girma. Akwatin katakon da take ajiye shi a ciki ya tsage, shi ne na saka shi a kwalin lemon da yayata ta aiko mini, na ɗaure. Samchun, a gaban layi zan buɗe baki in ce likkafani zan shiga da shi jirgi? Da wani ya ce mini za a bar ɗaya, ai da na jefar da jakar a shara."

Nan ne duk maganar take. Ba a nemi a sake ƙera jirgi ba, ba a nemi a tsayar da iska ba. Tambaya ɗaya a kantar da ake miƙa kaya, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, da ta wadatar.

Okhi ta kira Tak ta gaya masa. 

"Ni na zaɓe shi," in ji shi. "Da hannuna. Irin kwalin da kike aiko mini duk lokacin sanyi ne. Na ce wane mahaukaci ne zai kai lemo Jeju? Har dariya muka yi."

"Bar wannan yanzu. Yana ina?"

"Ga shi a gabana."

"Akwai sauran manyan jirage a babban filin jirgi. Kana da mota?"

"Ina da abin da ake kira mota."

Tana ajiye waya sai ga Manaja Pyo a kanta. Shekararsa biyu da zuwa daga hedikwata, mutum mai ladabi, mai takardu a hammata.

"Malama Bu, na ji kin ce wa fasinja 'da gangan'. An rubuta mana abin da za mu ce. Dalilan aiki."

"Yallaɓai, dalilan aiki ba su da hannu. Mutum ne ya sauke."

"Irin wannan magana ce ke jawo mana ƙara."

"To a tambaye su tun a can mana, sai ƙarar ta ragu."

"Ba ni ke yin doka ba."

Haka yake, ba shi ke yin ta ba. Je ka hawa na uku, za su ce hedikwata. Je ka hedikwata, za su ce haka ake yi ko'ina. Dokar da babu mai ita, amma kowa na gadinta kamar gadon ubansa. Kuma masu gadin nan irinmu ne, waɗanda aka kashe wa kuɗin karatu, muka fito da iya tsara jimlar da ba ta cewa komai.

Tak ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi da kwalin a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel kamar mutum. Ƙarfe shida saura ya kira daga babban filin jirgi.

"'Yar tsibiri, allon duk ya yi ja. An soke komai, har na gobe da safe. Na tambayi jirgin ruwa, shi ma an ɗaure." Ya ja numfashi. "In tsaya?"

"Koma gida, tsoho. Ka sa shi inda ba danshi."

Ita ta gaya wa Dalsu, ba ta bar wa kowa ba. Bai zage ta ba. Ta ce da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya ɗauki jakar safarsa ya fita cikin iska.

Da safiyar Talata Okhi ba ta nufi tashar bas ɗin da ta saba ba. Ta hau kujera ta sauko da wani ƙunshi daga saman kwabarta. Nata likkafanin ne. Mahaifiyarta ce ta ɗinka mata shi a watan ƙari na ƙarshe kafin idonta ya mutu, tana laluben bakin silikin da yatsa, Okhi na zura mata zare a allura. Gidansu na dā an rushe, gonar an sayar, hotuna ruwa ya ci. Abin da ya rage mata daga hannun uwarta ke nan. Ta zauna da shi a cinya har shayinta ya huce. Ba na son a ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Sau biyu ta mayar da shi saman kwaba, ita ta faɗa da bakinta.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta isa gidan makoki, irin wanda ake haya a shirya gawa. Surukai sun riga sun kawo kunun jan wake bisa al'ada, ana ta zubawa. Mai gidan makokin ya ajiye nasa likkafanin na kanti a cikin leda, yana jiran a ce to. Gija na zaune a gefe ta ba shi baya. Da ta ga rigar kamfani a jikin Okhi sai ta miƙe.

"Ke ce ta jirgin? Fom kika kawo mana mu cike? Wane launi ne, ko? Rubuta fari!"

"Yaya, ita ce ta yi ta ƙoƙari jiya," in ji Dalsu.

"Ƙoƙarin me? Inna ta ce ko a buhu a sa ta, amma kada a sa ta a ɗinkin kanti mai ƙulli, ya ɗaure mata ƙafa a hanya. Shekara ashirin da shida tana faɗa. Ga shi nan a leda!"

Okhi ta durƙusa ta kwance ƙunshin a gabanta. Gija ta dube shi, ta dube ta. Sannan ta ɗauki rigar, ta juya bakinta, ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga wuya har ƙasa, tana neman ƙulli. Ta juya hannun riga, ta juya safa. Babu ko ɗaya.

"Wa ya ɗinka?"

"Innata."

"Na wa ne?"

"Nawa."

"To ke fa?"

"Ni dai a ganina ina da sauran kwana."

"Samchun, ba za mu iya karɓa ba," in ji Dalsu.

"Ba ku na kawo wa ba, ƙanena. Sha ɗaya ta wuce. Ku je ku shirya ta."

An shirya tsohuwar a kan sa'a. Okhi doguwa ce, sai da aka ninke hannuwan rigar sau biyu. Waɗanda ke ɗakin sun ce da za a rufe fuska, Gija ta sunkuya ta ce, "Inna, ba naki ba ne, ki yi haƙuri. Amma na duba, babu ƙulli."

Na ji masu cewa labarin ya ƙare da daɗi. Wane daɗi? Matar da ta yi shekara ashirin da shida tana shanya kayanta ta tafi cikin ɗinkin wata. Matar da ba ta da komai na uwarta sai abu ɗaya ta sa shi a ramin da ba nata ba. Mata biyu aka yi wa fashi, don kada jirgi ya makara da minti biyar. Kirkin Okhi bai gyara komai ba, rufe ɓarnar kawai ya yi, kuma saboda akwai mai rufewa ne masu ɓarnar ba su taɓa ganin ta ba.

Ranar Alhamis iska ta kwanta, kwalin ya iso. Ya zagayo a kan bel shi ne na farko, da jar takardar gaggawa a jikinsa. A daidai lokacin saƙon kamfani ya shigo wayar Dalsu, yana gona yana jera duwatsu a gefen kabari: kayanka sun iso lafiya, mun gode da ka zaɓe mu, taurari nawa za ka ba hidimarmu?

Ya zo ya karɓa, bai fita da shi ba. Ya ɗora shi a kan kantar Okhi.

"Ni da yayata mun yi magana. Naki ne."

Ta kwance igiyar, ta ɗaga rigar, ta gwada hannun a nata. Ya gaza da yatsa huɗu.

"Innarku gajeruwa ce ashe."

"Kamar tulu. Amma ɗinkinta babu na biyu."

"To, sai in naɗe ƙafa."

Suka yi dariya su biyu. Da ya tafi ta shiga ɗan ɗakin da ake tara kayan da ba a zo nema ba, ta ja ƙofa. Mai shara ta ce ta yi kusan rabin awa ba ta fito ba, kuma ba ta ƙwanƙwasa mata ba.

Mako biyu bayan haka takardar gargaɗi ta zo daga hedikwata, laifi biyu: barin wurin aiki ranar Talata, ranar da ko jirgi ɗaya bai sauka ba, da furta kalmar da ba a amince da ita ba. Tak kuma aka hana shi kiran waya, wai yana fitar da bayanin fasinjoji. Bai ƙarasa shekarar ba ya ajiye aiki. Dokar shiru tana nan yadda take.

Juma'ar da ta wuce Okhi ta cika sittin, ta yi ritaya. An ba ta fure, Manaja Pyo ya karanta jawabi, ya kira ta ginshiƙi. Kafin Litinin an cire kantar. A wurin an kafa allo mai ɗan zane da za ka haska da waya, fom ya fito. Na buɗe shi. Launi, girma, adireshi. Tambayar ba ta ciki.

Samchun, ke ce mai riga bel magana. Ke ce kika tsaya shekara ashirin da takwas tsakanin mutane da ƙaryar da aka shirya musu, ba a sa ki ba, ba a gode miki ba. Mun gode. Ban san ko godiyar tsibiri guda ta kai nauyin ƙunshin da kika sauko da shi ba, na fi zaton ba ta kai ba. Mun gode duk da haka, mu da aka kira da sunanmu a bakin ƙofa.

Ku kuma da ke bayan kanta a yau, da ku masu lodi, da ku na hawa na uku da muka zauna aji ɗaya da ku: ba a ce ku ba da likkafaninku ba. Ba a so ma a sake samun wadda za ta bayar. Ku ɗaga kai ku dubi mai kayan tun yana gabanku, ku ce masa yau za a bar wasu, wanne ne ba zai iya kwana ba? In an hana ku, ku yi. Ita an hana ta, ta yi. Ba na yaudarar kaina cewa za ku ji. Na rubuta wa kamfanin sau uku, sau uku aka amsa mini da dalilan aiki.

Jiya na leƙa ta a gida. Kwalin lemon na saman kwaba, har yanzu da jar takardar a jikinsa. Muna shan shayi sai taga ta fara kaɗawa. Ta miƙe ta dubi bishiyoyin waje, ta dubi agogo.

"Jirgin yamma ya kusa tashi," in ji ta. Hannunta ya kai kan waya, ta tsaya, ta janye shi.